Gefen Rular da Aka Hana Mu Dubawa

Wata safiyar Laraba ce, a daminar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, ruwa ya kwana yana zuba a Kurfi, ni kuma ina tsugune a maƙerar mahaifina ina zuga kafin lokacin makaranta. Sai ga Malam Buba, wani manomi daga Tamawa, taɓo har gwiwa. Ya sayo garmar shanu a Maraɗi, ƙusar da ke riƙe bakinta ta karye ana tsakiyar huɗa. Bai ɗauko garmar ba saboda nauyi, sai wata 'yar takarda da mai sayarwa ya rubuta masa kaurin ƙusar: milimita goma sha biyu.

Baba bai taɓa awo da takarda ba. Tsinken tsintsiya yake karyawa, ya gwada a ramin, ya datse da farce, kuma ban taɓa jin an maido masa da aiki ba. Ya ce a koma a kawo tsinke. Malam Buba ya yi dariya ya ce, "Haba Maƙeri, ga ɗan boko a gida kana neman tsinke?" Na ga fuskar Baba ta saki. Dama 'yan'uwansa sun dame shi da cewa ya ba makarantar Nasara ɗan da zai riƙa yi masa zuga a banza. Ya miƙo mini takardar ya ce, "Lawal, ɗauko sandar awon taku."

Rulata ta katako gefe biyu gare ta. Gefe ɗaya inci ne, shi muke aiki da shi kullum. Ɗaya gefen wasu layuka ne ƙanana, a matse kamar haƙoran mataji. Ni mutum ne mai shegen tambaya tun ina ƙarami, abin da ban gane ba hana ni cin tuwo yake. Na taɓa ɗaga hannu a aji huɗu na tambayi malaminmu amfanin layukan nan. Ya ce, "Gefen Faransa ne, ba ruwanku da shi." Da na sake tambaya, ya karɓi rular ya buge mini bayan yatsu da wannan gefen, yara suna dariya. Daga baya na fahimci shi ma bai sani ba. Da ya ce bai sani ba, da na yafe. Dukan ne ya sa ko kallon gefen na daina yi.

To, ran nan a maƙera sai na juya gefen inci, na ƙirga ƙananan layukansa goma sha biyu. Sau uku na ƙirga, don tsoron kuskure, kuma duk ukun daidai na ƙirga abin da ba shi ba ne. Baba ya dubi awon ya ce, "Anya bai yi kauri ba?" Na ce haka takarda ta ce. Ya sa ƙarfe a wuta.

Ranar kasuwa Malam Buba ya dawo, ya jefar da ƙusar a gaban maƙera, mutane cike. Kaurin babban yatsa muka ƙera masa, ramin kuwa ɗan ƙaramin yatsa yake ci. Danshi ya wuce shi, maƙwabtansa sun gama huɗa, gonar gyaɗarsa tana kwance. Ya ce, "Shekara talatin ana yabon hannunka, yau yaro ya auna maka kunya." Baba ya karyi tsinke, ya taka har Tamawa da ƙafa, ya dawo ya ƙera wata, ta shiga kamar da ita aka haifi garmar.

Bai doke ni ba, kuma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Da na gama firamare aka zo maganar in wuce gaba, ya ce a gaban kawuna, "Karatun da bai auna ƙusa ba, mi zai auna?" Nan karatuna ya tsaya. Ban ga laifinsa ba. Laifin wanda aka ba amanar yara ne, ya rufe jahilcinsa da bulala, ya koma gida ya ci abincinsa.

Yau jikata 'yar aji uku ta san milimita goma ke yin santimita ɗaya, tana faɗa tana tsalle kamar waƙar gaɗa. Abin da za a gaya mini cikin numfashi ɗaya ke nan. Ni kuwa har yanzu ba na yanka ƙarfe sai na auna sau uku, sannan in karyi tsinke in sake gwadawa. Rular tana cikin akwatina. Gefen inci ya goge, ɗaya gefen sabo fil.