Wasiƙar Dakta Maiƙo ga Lamba Ɗari Biyu da Sha Biyu

In ka ga wani siririn mutum a matakalar asibitin koyarwa yana hawa bibbiyu, yana harar masu jiran lif, to Dakta Maiƙo ka gani. Ɗalibai ne suka liƙa masa sunan, ya bi shi har gida. Shekara ashirin da bakwai aikinsa ɗaya ne: binciken kitsen da ke yawo a jinin mutane, da yadda yake taruwa ya toshe hanyoyin jini har zuciya ta tsaya. Shi kuwa nasa jikin, ko matse shi ka yi daga kai zuwa ƙafa ba za ka samu man soya ƙwai ɗaya ba. An ce ranar da aka yi wata iska mai ƙarfi sai da masu gadi biyu suka riƙe shi a bakin get.

Da farko likitan ɗakin kwanciya ne. Shi da bakinsa yake cewa ya gudu ɗakin gwaji ne saboda kwalbar jini ba ta gardama, kuma ba ta da dangi. Can ya tare da injin da ke juya jini har ruwansa ya rabu, ya rubuta takardun bincike da yawansu zai iya tokare ƙofa, waɗanda a lissafinsa mutum huɗu ne suka karanta, biyu daga ciki don neman kuskure.

A gida kuwa, sirinji ya ajiye wa matarsa a kicin don auna man girki. Maƙwabta in za su soya nama sai sun leƙa sun ga motarsa ta fita.

To, ana cikin haka ya fara babban binciken rayuwarsa. Mutum ɗari uku za a ɗebi jininsu bayan sun kwana ba su ci komai ba. Ya kafa doka da kansa: kowace kwalba lamba za a sa mata, ba suna. Littafin da ke haɗa lamba da suna yana hannun Sista Babba, shugabar ma'aikatan jinya na sashen, wadda suka shekara ashirin suna aiki suna faɗa. Duk wanda ya ambaci sunan mai jini a gabansa, a bakin aikinsa. Wata safiya wani ya fasa zuwa, Dakta ya naɗe hannun riga ya ce, “Sista, ɗebi nawa a cike gurbin. Ko ba komai za ku ga yadda jinin mutumin kirki yake.”

Ta ɗiba, ta sa lamba, ya manta.

Bayan kwanaki ana fito da kwalabe daga inji, sai ga wata ta fita daban. Ruwan jinin kowa rawaya ne garau, na wannan fari fat kamar an zuba madara. Lamba ɗari biyu da sha biyu. Nasa ne, amma a duk duniya Sista Babba kaɗai ta sani.

Dakta ya ɗaga kwalbar saitin taga cike da murna. “Ku zo ku ga ikon Allah! Wannan ai ba jini ba ne, miya ce. Mai wannan jinin in ya yanke a yatsa, sai a tara kasko.”

“Dakta, ka dai bi a hankali,” in ji Sista. “Ba ka san ko waye ba.”

“Na san shi sarai. Ƙaton mutum ne, wuyansa ya haɗe da kafaɗa. Ba ya iya ɗaure takalminsa. Kuma ƙarya ya yi mana, ya ci wani abu da safe.”

“Bai ci ba. Ni shaida ce.”

“Ke kullum kina bayan marasa jin magana.”

Mako biyu yana yawo da hoton kwalbar nan. Ya nuna wa ɗalibai a aji, ya nuna a taron likitoci, har mai shara sai da ya tsayar ya nuna masa. Kullum siffar mai jinin ƙaruwa take. A mako na biyu mutumin ya kai sai an cire ƙyauren mota kafin ya shiga. Sista tana jin duk wannan, tana cije leɓe. Abin ya daina ba ta dariya tun ranar da ta ga sauran sakamakon, don irin wannan jinin ba a barinsa ya jira. Amma ta san halin mutuminta. In ta faɗa masa da baki, zai ce ta musanya kwalabe, a shiga musu har shekara ta zagayo.

Sai ta tuna masa da wata dokar tasa: duk wanda sakamakonsa ya yi muni, a rubuta masa wasiƙa.

“Wannan da hannuna zan rubuta,” ya ce.

Shafi biyu ya cika. Sista ta karɓa, ta shiga ofishinta ta kulle, ta buɗe littafi, ta rubuta adireshi a ambulan, ta ba direban sashen.

Da yamma ya dawo gida ya tarar da matarsa zaune a falo da tabarau a hanci, ga takarda a hannu. Bai ajiye jaka ba ta fara karantawa da ƙarfi.

“‘Ya kai bawan Allah, ban san ka ba, amma na san cikinka.’ Baban yara, wannan ba rubutunka ba ne?”

“Nawa ne. Ya aka yi ya zo nan?”

“Tsaya, da saura. ‘Ka ji tausayin matarka, wadda na tabbata ta gaji da yi maka magana.’ Wallahi nan ka yi gaskiya. ‘Kada girman kai ya hana ka zuwa asibitin zuciya ranar Litinin, ka zo da ’ya’yanka da ’yan’uwanka, domin irin wannan yakan bi jini.’”

Ya fizge ambulan. Sunansa ne, da lambar gidansa, da rubutun Sista mai kama da ƙafar kaza. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya: “Na maimaita gwajin sau uku, kada ka fara.”

Ya zauna a hannun kujera. Ya ce, a hankali, “Baba ma siriri ne.”

Ta cire tabarau. Ta san labarin. Mahaifinsa ya faɗi ya rasu a bakin shagonsa yana da shekara hamsin da ɗaya, yana cikin miƙa wa wani mai saye canji, kuma abin da ya tura ɗan cikin binciken nan ke nan, ba gudun gardamar marasa lafiya ba. Shekara ashirin da bakwai yana koya wa ɗalibai cewa rama ba ta wanke kowa, gado ma yana kawo shi. Yana cikin tambayoyin jarrabawarsa duk shekara. Ya kayar da yara a kai.

“Na ɗebi jinin rabin garin nan,” ya ce, “ban taɓa duba nawa ba. In ɗalibina ne, sifili zan ba shi.”

“To Litinin ɗin fa?”

Nan fa ake yinta. Asibitin zuciya yana hawa na ƙasa, ƙofa da ƙofa da ajin da ya nuna hoton. Ya kawo shawarar wani asibiti mai nisa inda ba a san shi ba. Ya kawo shawarar ya rubuta wa kansa magani a ɓoye. Matar ta ce ita dai wasiƙa ta ce Litinin, kuma babban masani ne ya rubuta.

Ranar Litinin da safe aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Dakta Maiƙo a bencin jira da kati a hannu, ’ya’yansa huɗu a jere, da yayarsa, da ƙannensa biyu, duk ba wanda ya karya. Ɗalibai suka riƙa wucewa neman abin da ba su yar ba. Wani ya wuce sau biyar.

Wani dattijo cikin mutanen bincikensa, da ke zaune a gefe, ya leƙo fuskarsa. “A'a, Likita! Duba mu ka zo yi?”

“Layi na zo bi, baba.”

“Kai ma? Me ya same ka?”

“Ka ji labarin mutumin nan da jininsa ya zama madara?”

“Ƙaton nan? Wanda ba ya shiga mota? Ai duk asibiti an sani. Allah sarki, yana raye?”

“Yana raye. Ya ɗan rame.”

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ta gan shi, ta rikice. “Ranka ya daɗe, shigo mana, ai ba sai ka jira ba.”

Ya fara miƙewa, yayarsa ta jawo rigarsa ya koma ya zauna.

“Zauna nan, auta ma bai yi wannan rashin kunyar ba. Ni ka hana ni shayi tun asuba, kuma na riga ka zuwa duniya. In an gama da ni ka shiga.”