Kibod Mai Aikin Hannu Biyu

Mai gyaran kwamfuta tana kallon dattijon da ke zaune gaban teburinta: riga tsaf, hannun hagu kwance a cinya, ba ya motsi. Ƙila tsohon akawu ne, don ko duban kibod ɗinsa, allon maɓallan rubutu, ba ya yi. Yana danne dogon maɓallin ƙasa da babban yatsan dama, yana jiran haruffan ɓangaren hagu su dawo ƙarƙashin hannunsa na dama kamar kullum. Ba su dawo ba.

"'Yata ce ta shigar wa kibod ɗin da lambobi na musamman saboda hannuna," in ji shi.

Sabunta manhajar da mai gyaran ta yi ɗazu ya share su kakaf.

"Baba, kira ta mana ta turo su."

"Da tana raye, 'yar nan, ai da ba ki gan ni ba."

Ya sake dannawa.