Ba'amurke a Rumfar Madam Solange

Tun bai buɗe baki ba, duk kasuwarmu ta birnin Liyon ta san Ba'amurke ne: gajeren wando, farin takalmin gudu, ga gorar ruwa kamar mai shirin ƙetare hamada. Kowa ya gani murmushi yake yi masa, har ni da bai taɓa gani ba.

Ba ko gaisuwa, yana tsaye a rumfar Madam Solange yana latsa tumatirinta ɗaya bayan ɗaya. Shekarata ashirin ina saye a wurinta, ban taɓa kai hannu kan kayanta ba. Ita ke tambaya na yau ne ko na gobe, ta zaɓa maka.

"Malam, likita ne kai?" in ji ta. "Lafiyarsu ƙalau, sake su."

Dariya yake yi, yana rantsuwa duk duniya babu tumatir kamar nata. Ina jin a garinsu bai taɓa haɗa ido da wanda ya shuka abin da yake ci ba.

Solange na ware guda huɗun da ya lotsa, ta dube ni.

"Ka ji, wai duk duniya. Mutumin da jiya ya fara fita daga ƙasarsu."