Yadda muka saka ƙungiyar 'yan goro a intanet

Shekara biyu bayan sojoji sun miƙa mulki, ni ne sakataren ƙungiyar 'yan goro ta layinmu a Agege. An ba ni muƙamin ne don na gama sakandare kuma rubutuna yana karantuwa. Wata ranar Asabar shugabanmu, dattijon da ya haura saba'in, ya ce ɗansa da ke karatu a Turai ya aiko cewa yanzu duk ƙungiyar kirki tana da shafi a intanet, saboda haka in je in samo mana. Ban taɓa taɓa kwamfuta ba a lokacin, amma na ce to.

Aka kwatanta mini shagon wata mata kusa da layin dogo, bayan masu burodi. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, ta yi shekaru tana buga tafireta a ofishin jirgin ƙasa na Iddo kafin ta yi ritaya ta sayi kwamfuta biyu. Hausarta irin ta can ce, ba ta cika bambance namiji da mace ba. Kowa Madam yake ce mata, ita kuma tun ranar farko ta sa mini Malam Sakatare.

Na zaci zan faɗi abin da muke so ta yi mana. Sai ta jawo kujera ta ce in zauna, wai in ta yi mini yau, gobe shugaba ya canza lambar waya wa zai gyara? Ta saka wani faifai mai ɗauke da shafukan da aka riga aka tsara, ta ce samfuri ake ce musu, aikinmu kawai mu cire abin da ke ciki mu zuba namu. Idona ya tafi kan wani mai dogon bene na gilashi da tuta tana kaɗawa. Ta ce layin wayar da muke amfani da shi ba zai iya jan wannan ba, mutum zai gaji ya tashi kafin hoton ya buɗe. Muka ɗauki wani fari mai kore a gefe.

Rubutun da ke cikin samfurin ya dame ni. Haruffan boko ne, amma ko kalma ɗaya ban gane ba. Kunya ta hana ni tambaya, sai na kwafe shi a takarda na kai wa wani malamin Turanci a Ketu, shi ma ya juya ya juya ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Da na gaya mata, ba ta yi dariya ba. Ta ce rubutun cike gurbi ne kawai, ba a sa shi don a karanta ba, kuma ita ma sai da ta ɓata yini guda da ƙamus kafin ta gane.

Ta buɗe mini bayan shafin, inda kalmomi ke tsakanin wasu alamomi masu kama da bakin almakashi. Ta ce in canza abin da ke tsakani, kada in taɓa alamar, kuma kullum in ajiye kwafin asali a gefe. A rana ta uku na goge alama ɗaya ban sani ba, rubutun gaba ɗaya ya kumbura ya cika fuskar kwamfutar. Na juya ina kallonta. Ta miƙo mini rula ta katako, ta ce in ɗora a gilashin in bi layi-layi ina gwadawa da na asali. Na kusa awa guda kafin na gano wurin. Tana gefe tana buga wa wani takardar neman aiki, ko sau ɗaya ba ta leƙo ba.

Inda muka fi jayayya shi ne gurbin bayanin ƙungiya. Na rubuta cewa mu ne mafi girman masu safarar goro a Afirka. Ta karanta, ta cire tabarau.

"Malam Sakatare, ka zagaya Afirka ka gani?"

Na ce ai haka ake rubutawa.

"Ka je ka tambayi Baba shugaba abin da kuke yi daga safe zuwa yamma. Shi za mu sa."

Na je na zauna da shugaba ina rubutawa. Ya ba ni labarin yadda goro ke zuwa daga Shagamu, yadda mata ke tsince shi suna ware fari da ja, marsa manya da minu ƙanana, yadda ake jera ganye a ɗaure huhun goro, da yawan yayyafin da yake so kafin a ɗora shi a mota zuwa Kano ko Sakkwato. Na yi shekaru a kasuwar, amma rabin wannan ban sani ba.

Da muka zuba bayanin da Hausa, haruffa masu ƙugiya suka ƙi fitowa, sai ƙananan akwatuna. Na ce mu bar su babu ƙugiyar. Ta ƙi, ta ce baƙi da baki ba ɗaya ba ne. Ta sa muka riƙa ɗora ɗan waƙafi a saman gefen harafin, sannan muka rubuta layi ɗaya a ƙasan shafin muna bayyana dalili. Hoton Turawa biyu masu gaisawa da ya zo da samfurin muka cire, muka sa na matan da ke tsintar goro, bayan ta tilasta mini na koma na nemi izininsu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da aka gama, shugaba ya zo da kansa da mutum huɗu. Na karanta masa yana gyaɗa kai, ya tsayar da ni wuri ɗaya ya ce ganyen ba haka ake kiransa ba. A gabansa na buɗe bayan shafin na gyara. Ya ba Madam ƙwarya guda ta farin goro, ta karɓa da hannu biyu ta ce za ta kai coci a raba.

Ba mu samu ciniki ta shafin ba, gaskiya. Wasiƙa ta farko daga wani Bahaushe ce a Jidda, yana tambayar yadda zai hana goronsa sankara, cutar nan da ke ɓata cikin goro, shugaba ya faɗa na buga masa amsa mai tsawo. Bayan 'yan watanni sakataren mahauta ya zo shagon da irin buƙatarmu, na tarar da shi a tsaye. Madam ta nuna masa ni da biro, ta ce ga wanda zai koya masa, ita tana da katin biki da za a zo karɓa kafin la'asar.