Taurari Huɗun da Na Ce Na Gani

Har yau idan na ji kukan tagar katako ana tura ta sama, sai in tuna ɗakin Kaka a gidanmu na unguwar Longsight, a Ingila. Tagar tana da tauri, sai an sa mata hannu biyu.

Ina da shekara goma sha ɗaya council, wato hukumar garinmu, ta rage ma'aikata, abin ya faɗa a kan Abba. Injiniyan hanya ne. Ya daɗe yana neman aiki, daga ƙarshe ya samu a Botswana, ya tafi ya bar ni da Umma da mahaifiyarsa, wadda yana ta riga ta rufe mata ido.

Azumin shekarar da zafi ya zo mana. Mu muna jiran magariba har kusan ƙarfe goma, shi kuwa tun shida ya sha ruwa, don can sanyi ake yi, dare ya fi rana tsawo. Yakan kira mu yana zaune a waje cikin bargo, ya riƙa faɗa mana abin da ke samansa. Ya ce taurari a can kamar an watsa gero a kan baƙin zane, ga wani farin hayaƙi da ya ratsa sama daga gefe zuwa gefe. Ya ce in duba yamma, zan ga Zara da wata tauraruwa kusa da ita, ba sa ƙyaftawa, domin duniyoyi ne irin tamu. Waɗannan na gan su, a saman rufin maƙwabta.

Sai wata rana ya ambaci wasu huɗu a kudu, kamar turaku huɗu da aka kafa. Kaka ta gyara zama. Ta san su. A ƙauyensu sukan fito ƙasa-ƙasa kafin ruwan shuka.

"Ƙawata, leƙa ki duba min," in ji ta. "Sama ai ɗaya ce. In kina ganinsu, to rufi ɗaya muke da shi, hankalina ya kwanta."

Na leƙa. Ban ga komai ba sai jan hasken fitilun titi da jirage masu sauka. Na faɗa mata gaskiya. Ranar ko kunun sahur ba ta taɓa ba, kuma na ji motsin carbinta har asuba.

Washegari na ce na gan su.

"Huɗu ne?"

"Huɗu ne, Kaka."

"Na ƙasan ya fi haske ko?"

Na ce ya fi. Ta yi hamdala, ta ce a miƙo mata kofinta.

Haka muka yi har salla, har bayan salla. Ka san nauyin ƙarya a bakin yarinya cikin watan azumi? Na ɗauka laifin idona ne, na dami Umma sai da ta kai ni aka gwada, aka ce lafiyarsa ƙalau. Sai na koma zargin zuciyata. Na ce wataƙila wanda ya yi ƙarya sau ɗaya, an rufe masa su ke nan.

Kaka ta rasu da sanyin shekarar, Abba yana hanya aka yi mata sutura. Ban faɗa masa ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Sai da na shiga jami'a a Birmingham wata malama ta buɗe mana taswirar sama, na tambaye ta taurarin. Ta ce daga Kano, yankin su Kaka, ana hango su can ƙasa a kudu, Kaka ba ta yi kuskure ba. Amma a Ingila ba sa fitowa, da zafi ko da sanyi, ba su taɓa fitowa ba.