Ɗigon da Ya Ƙi Wankuwa

Shekara goma sha tara Inna Tas ta yi tana wanke-wanke a makarantar renon yara da nake koyarwa, kuma a tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ɗaga cokali ya ga maiƙo. Yara ne suka laƙaba mata sunan. In ta gama wanke kwano sai ta ɗaga shi wajen haske, ta jujjuya, ta ce, "Tas." Wata rana 'yan aji ɗaya suka kwaikwaye ta, shi ke nan sunan ya bi ta. Nata na asali a takardar albashi kawai ya rage.

Ita ce babba cikin 'ya'ya tara. Ta ce tana da shekara bakwai aka kifa mata baho ta taka don hannunta ya kai famfo, uwarta na kwance ba lafiya. "Har yau kuma ban sauko ba," in ji ta. Ta yi aiki a gidan abinci na tashar mota, ta yi shekara shida a kicin ɗin wani asibiti, can ta koyo tsoron abin da ido ba ya gani. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da tukwane masu ƙyalli. Sabulu ya cinye mata zanen yatsu. Da aka kawo na'urar da muke dangwala yatsa da safe, ƙin karanta nata ta yi, sai aka bar ta tana sa hannu a littafi.

Ba zan ce mace ce mai daɗin zama ba. Ta raina wankin kowa. In ka wanke kofin shayinka ka kife, sai ta ɗauka a kan idonka ta sake wankewa, ko kunya babu. Maigadi yakan ce da Inna za ta samu dama, inuwarta ma sai ta jiƙa ta. Ita kuwa magana ɗaya gare ta, mun ji har mun haddace: "Dauɗa ba ta zama a fili. Ƙarƙashi take shiga ta gina ɗaki."

Ɗakin aikinta yana bayan kicin. Famfo ɗaya, taga ɗaya, baho uku a jere: na jiƙo, na sabulu, na ɗauraya. A jikin ƙusa akwai soson ƙarfe, wanda take ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu.

Shekara biyu kafin abin ya faru, Shugabar makarantar ta kawo sababbin kofuna, irin na ƙarfe mai bango biyu kamar filas, waɗanda in an zuba madara da safe har azahar da ɗuminta. Guda arba'in da shida, kowanne da sunan yaro a jiki. A makaranta kofunan suke kwana, Inna ke wanke su. A ƙasan kowane kofi akwai wani ɗan murfi zagayayye da aka manna, wanda ba mai lura da shi sai mai neman abin lura.

Abin da zan faɗa yanzu daga baya muka san shi. Wata rana murfin kofi ɗaya ya ɓalle cikin bahon jiƙo. Inna ta juya kofin, ta ga ruwa ya kwanta a wurin ya yi baƙi, a tsakiya kuma ga wani ɗigo mai ruwan toka, bai fi ƙwayar wake ba. Ta ce a ranta, ai ga ta, ta gina ɗakin. Ta sa soson ƙarfe ta dirje shi, ɗigon ya yi haske. Bayan 'yan kwanaki ta sake dubawa, ya dushe ya koma toka-toka. Inna ba ta taɓa haɗuwa da dauɗar da ta yi mata gardama ta ƙyale ba. Ta ɗauko cokali, ta sa bayansa ta ɓalle murafun sauran kofunan, ta tarar kowanne da nasa ɗigon.

Daga ranar ta mai da shi ƙa'ida. Duk ƙarshen mako sai ta ɓalle murafun duka, ta dirje ɗigon a cikin bahon sabulu, da soson nan kuma ta bi bakin kofin da cikinsa inda madara ke kamawa, ta ɗauraye, ta mai da murfin ta danne da tafin hannu har ya zauna daram. Ba ɓoyewa take yi ba. Ba dai wanda ke tambayar mai wanke-wanke yadda take aikinta, sai in ta bar datti.

Kofi ɗaya ne ba ya jiran ƙarshen mako, na 'yata Auta. Shekararta uku a lokacin, kuma duk ƙarfe tara, lokacin hutu, sai ta je ƙofar ɗakin Inna ta tsaya tana ba ta umarni. Inna na kiranta uwar ɗakina. Yarinya ce mai jan kofi cikin ƙasa, don haka nata, mai ruwan ɗorawa, kullum ake ɓalle shi a dirje.

Sai ga wani bidiyo ya fara yawo a wayoyi, wai akwai dalma a cikin irin kofunan nan. Kafin a ce haka zauren iyaye na waya ya ɗauki wuta. Shugaba ta kira taro ranar Litinin bayan an tashi. Iyaye suka cika babban aji, manya-manyan mutane a kan kujerun yara, gwiwa har ƙirji.

Uwar 'yan biyun ajina ma'aikaciyar jinya ce, Nas muke ce mata, ita aka sa ta yi bayani. Ta ce tsakanin bangon kofin guda biyu ana zuƙe iska, shi ya sa yake riƙe zafi. Ramin da aka zuƙe iskar ta nan, a wasu kofunan da ɗigon dalma ake toshe shi, sannan a rufe da murfi. Dalma guba ce, ta fi yi wa ƙananan yara illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba ta sallama in za ta shiga jiki. "Amma ku kwantar da hankalinku," in ji ta. "Ba ta haɗuwa da abin da yaro ke sha. Muddin murfin nan na ƙasa yana wurinsa ba a ɓalle ba, ba komai."

Shugaba ta sa Inna ta kawo kofunan a babban faranti. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana juyawa. Arba'in da shida, kowanne da murfinsa, sai ƙyalli suke yi. Mutane suka sauke ajiyar zuciya. Wani uba ya ce ai da ma inda Inna Tas take ba a fargaba, aka tafa mata. Iyaye suka fara miƙewa suna murza gwiwa, masu laluben makullin mota na yi.

Inna na tsaye bakin ƙofa. Shekara ɗaya ta rage mata ta yi ritaya, sunanta kuwa ba ta da wata dukiya da ta wuce shi. A duk ɗakin nan ita kaɗai ta san abin da ke faruwa a bahon sabulu, kuma da ta ɗauki farantinta ta juya, da magana ta mutu a nan.

"'Yar nan," ta ce wa Nas, "ɗigon da kike faɗa, wane launi ne?"

"Toka-toka ne, Inna."

"In an goge shi yakan yi haske, ya kwana biyu ya koma?"

Nas ta yi 'yar dariya. "Haka dalma take. Amma wa zai goge shi?"

Inna ta sa hannu a aljihun rigar aikinta ta ciro cokali. Ta ɗauki kofi mai ruwan ɗorawa, ta sa bayan cokalin, murfin ya faɗo ƙasa ya gangara ƙarƙashin kujera. Ɗigon ya sha dirza har ya lotsa, rabinsa ya tafi.

"Ni," ta ce. "Shekara biyu ke nan. Duk mako, dukansu. Wannan kuwa kullum." Ta juya wajen Shugaba. "Ranki ya daɗe, na ɗauka dauɗa ce."

Ba wanda ya koma ya zauna. Na tuna na ji ƙarar fanka, na kuma tuna ina karanta sunan 'yata a jikin kofin kamar ban san mai shi ba.

A makon aka ɗebi jinin yaran duka. Mafi yawansu ba a ga abin damuwa ba. Bakwai an ga alama kaɗan. Na Auta ya fi na kowa. Likita ya ce bai kai a kwantar da ita ba, a raba ta da inda abin ya fito, a kula da abincinta, a riƙa dawowa gwaji duk wata uku. Na tambaye shi ko zai bar mata wani lahani. Ya ce ba zai ce e ba, ba zai ce a'a ba. Na fi son a zage ni da irin wannan amsa.

Iyaye suka rabu biyu. Wasu na cewa a kira 'yan sanda, wasu na cewa tsohuwa ta yi abin da ba kowa zai iya ba. Maigadi ya ce garin neman gira an rasa ido, aka yi masa tsawa. Wanda ya ƙera kofin da wadda ta sayo shi ba wanda ya cika ambatonsu, don ba su ne ke riƙe da soso ba. Shugaba ta kira Inna ofis ta ce ta je gida ta huta. Inna ta wanke bahonta uku, ta kife su, ta rataye rigar aiki a ƙusa, ta fita ta ƙofar baya.

Ni ban yi mata faɗa ba. Ban kuma gaishe ta ba. Na ji haushinta sosai, kuma na san da ta yi shiru da har yau Auta na sha da kofin nan, sanin hakan bai rage min haushin ba ko kaɗan. Na koma mai gadin 'yata. In ta tsallake bakwai a ƙirge sai gabana ya faɗi, alhali shekara goma sha ɗaya ina koyar da yara masu tsallake bakwai.

A gwaji na uku abin ya sauka sosai. Auta kuma ta dame ni da tambayar ina Inna. Wata Asabar da hantsi na kama hannunta muka je.

Inna na zaune gidan babban ɗanta, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ta rame. Abin da ya fara ɗaukar idona kwanuka ne jibge a bakin famfo, ƙudaje na bi, ita kuma tana zaune taku uku daga wurin ta juya musu baya.

"Surukata ta je kasuwa," ta ce, da ta ga ina kallo. "Ita ke wankewa yanzu. Ba ta iya ba, amma ita ke yi. Akwai jikoki a gidan."

"Sun hana ki ne, Inna?"

"Wa zai hana ni? Ni na hana kaina."

Na faɗa mata sakamakon gwajin. Ta sa na maimaita. Ta ce alhamdu lillahi, ta kalli Auta ba ta taɓa ta ba. Auta kuwa ba ruwanta, ta haye cinyarta ta hau ba ta labarin sabuwar mai wanke-wanke da ba ta cewa komai in ta gama. Can ta ce, "Inna, ƙishirwa nake ji."

Inna ta miƙe. Ta dubi kwanukan da ke bakin famfo, babu kofi mai tsabta ko ɗaya. Ta shiga ɗakinta ta fito da nata, kofin gilashi, shi kaɗai take wankewa a gidan. Ta cika shi da ruwa, ta zo har gabanmu, sai ta tsaya da shi a hannu. Auta na miƙa hannu, ita kuwa ni take kallo.

"Malama," ta ce, "ni na wanke shi."

Na karɓa. Gilashi ne, ana hango tafin hannuna ta cikinsa, amma kafin in ankara yatsana ya riga ya shafa ƙasansa. Inna ta gani. Ta sunkuyar da kai.

Na miƙa wa Auta. Ta shanye, ta ɗaga kofin wajen haske da hannu biyu, ta jujjuya shi, ta ce, "Tas."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta karɓi kofin ta kai shi bakin famfo, ta ajiye cikin waɗanda ke jiran surukarta.