Jirgin da Aka Hana Ruwa

Tun jiya labarin nan ke cina, bari in faɗa muku ko na samu sauƙi.

A Kurgu na tashi, gidan masunta. Da an yi isha'i, Kaka Hajo, uwar babanmu, takan zauna bakin banda tana juya kifi, mu jikoki mu kewaye wutar. Hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai tashi, don wanda ya daure shi ke cin kan tarwaɗa. Ni take kira maigida.

"Maigida, matso. Ga wata tatsuniya nan tahe."

"Ta iso, tsohuwa, in dai gajera ce."

"Ja'iri! Da kifi ne ai dogo kake so."

Ta ce wani masunci ne ya sassaƙa jirgin maɗaci mai kyau, har daga Benin ake zuwa kallo. Son jirgin ya hana shi sa shi a ruwa. Sauran masunta, in ba su fita kamun kifi ba, a jiƙe suke barin nasu bakin gulbi, wani ma ya nutsar da nasa da gangan. Shi ko ya ja nasa tudu, ya yi masa rumfa, ya lulluɓe da tabarma.

Shekarar da gulbin Kwara ya cika ya shigo gari, ya kwashi iyalinsa ya zuba a ciki. Ashe itacen ya bushe ya tsattsage ta ƙasa. Ba su kai tsakiya ba ruwa ya kai musu gwiwa.

Na ce, "Kaka, ai in ya jiƙa itacen zai kumbura ya toshe!"

"Shina kumbura, amma sai ya kwan biyu a ruwa. Ambaliya na jiran wani?"

"To sun tsira?"

Ta juya kifi. Can ta nuna gafakar Alƙur'anin babanmu da ke rataye a ɗaki. "Wancan ma jirgi ne. Ku riƙa sauke shi."

Yanzu kabu-kabu nake yi da babur tsakanin Illo da Benin. Karatuna da kaina na haɗa shi, rabi a allo rabi a waya, kuma wallahi ina ji da shi. Alƙur'anina na naɗe shi a leda, yana ƙasan akwati kada ya yi datti.

Jiya aka bugo min. Kaka ta daina cin abinci, ta ce a kira maigidanta ya zo ya karanta mata Yasin kamar da. Na tsaya bakin hanya na gwada da ka. Ban yi nisa ba na kakare. Na sake, na kakare a wani wurin.

Na koma ɗaki na buɗe akwati, tun lokacin nake ta maimaitawa. Wasu ayoyin sun fara dawowa, wasu har yanzu harshena na tuntuɓe a kansu. Gobe da asuba zan kama hanyar Kurgu. Na san zan iya buɗe takarda a gabanta, tunda idonta ya tafi. Amma kunnenta na nan. Za ta ji inda ruwa ke shiga.